Naushin Fim Ba Ya Taɓa Fuska

Ranar Juma'ar da ta wuce ɗan yayata ya shigo mini da leɓe a kumbure, yana washe baki kamar wanda aka yi wa albishir, wai Anti zo ki ga fim ɗinmu. Shekararsa 14, yana zuwa koyon kareti a wani fili bayan unguwarmu, kuma malaminsu ne ya ce tunda sun iya faɗa, bari ya koya musu yadda ake ɗaukarsa a fim. Na ture farantin shinkafar da nake tsinta, na karɓi wayar.

Labarin ba laifi: an fizge wa yarinya jaka, samari sun bi sawu. Ni ban ƙi abin ba, domin kuwa mu ma da muka taso, in yayyenmu maza sun dawo daga kallon Chanis a Plaza ko El Dorado, a tsakar gida suke gwada mana, har sai Inna ta ɗauko muciya.

Amma faɗan, wallahi ban gane wa ya daki wa ba. Yara sun dunƙule wuri guda, mai ɗauka yana bin su da gudu, hoto sai rawa yake. Leɓen yaron nan ya fashe da gaske, alhali a fim ɗin ko alamar naushin ban gani ba. To ina amfanin baɗi ba rai?

A nan malamin ya yi kuskure. A kareti ana koya wa yaro sauri da ɓoye niyya, kada abokin karawa ya ga hannu na zuwa. Fim kuwa so yake mai kallo ya gani tun daga ɗagowa. Naushin fim wucewa yake ta gaban fuska da kamar taƙi guda, a ajiye kyamara bayan kafaɗar ɗayansu yadda tazarar za ta ɓoye, wanda aka kai wa ya wurga kai daidai lokacin, ƙarar kuma daga baya ake sa ta. Ashe rabin aikin yana wuyan mai shan dukan.

Dubi Jackie Chan. Yana ɗan shekara 7 aka kai shi makarantar wasan kwaikwayo a Hong Kong, ya yi shekara 10 yana koyon tsalle da faɗuwa. A Enter the Dragon na 1973 yana cikin yaran bos da Bruce Lee ya lallasa. Duk da wannan horo, ya faɗo daga bishiya a Yugoslabiya wajen ɗaukar Armour of God, ƙashin kansa ya fashe, sai da aka yi masa aiki. Namu yaran fa, daga kan katanga suka diro a tsandauri, ko tsohuwar katifa ba a shimfiɗa ba. Da na faɗa wa Yaya, salati ta ɗauka, ita a zatonta motsa jiki kawai ake yi.

Na tambayi yaron me ya sa ba a koya musu faɗuwa ba, ya ce ai Anti kowa jarumi yake son zama. Ni kuwa a duk fim ɗin wuri ɗaya ne gabana ya faɗi: wani ɗan ƙaramin cikinsu, ƙafa ba ta ko taɓa shi ba, ya dafe ciki ya sulale a hankali yana riƙe da jakar. Sau uku na mayar da wurin. Ko sunansa ba su rubuta a ƙarshen fim ɗin ba.