Goge a Gaɓar Shuɗin Nilu: Zaɓensa da Riƙonsa

A shekarar 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas tare da sauran jama'a, har suka yada zango a gaɓar kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake a yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman audugar yankin Jazira ya tsayar da ɗimbin maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa. Wasu sun tsaya neman guzuri, zaman ya zarce har jikoki. Idan ana ba da wannan tarihi, malamai da littattafansu ake ambata. Ba a cika tunawa da cewa talakawan da suka biyo hanyar sun zo da kiɗansu ba, kuma a cikin kayan kiɗan nan babu wanda ya sha tsangwama kamar goge.

Dalili a fili yake. Goge abokin tafiyar bori ne tun a ƙasar Hausa, malaman jihadi kuwa ba su yi masa kallon arziki ba. A ƙauyukan da aka kafa kan hijira da karatu, mai goge ba ya zama a sahun gaba. Saboda haka ilimin haɗa shi da gyara shi bai shiga takarda ba, daga hannu yake zuwa hannu. Wannan ne ya sa nake ganin matsayi mafi hatsari a rayuwar mai goge shi ne na tsakiya: ya wuce ɗan koyo mai karce da gogen aro, bai kuma kai gwanin da ake kira biki da sunansa ba. A nan ne yake mallakar gogensa na farko na kirki, a nan ne kuma yawanci ake sarewa.

Wanda ya kai wannan matsayi, kunnensa ya riga hannunsa girma. Yana jin muryar da yake so, gogen da ke hannunsa ba ya ba shi. To, me zai duba?

Ƙwarya ce farko. Ana son wadda ta ƙosa a jikin yaɗonta kafin a yanke ta, mai kauri daidai ko'ina, wadda idan aka ƙwanƙwasa ta da farce za ta amsa tas, ba dum ba. Babba tana ba da murya mai zurfi, ƙarama tana kusa da kukuma wajen kaifi. Amma girman ba ado ba ne. Goge muryar mutum yake bi, yana maimaita abin da mawaƙi ya faɗa har mai sauraro ya ji kalmomin a cikin tsirkiya. Mai siye ya rera waƙarsa a gaban maƙerin, ya ja izga tare da ita. Idan sai ya matse maƙogwaro kafin ya cim ma gogen, ba nasa ba ne, komai kyan zanensa.

Sai fata. Fatar guza aka sani, domin siririya ce, ga ƙarfi, kuma ba ta saurin saki. Guza ba baƙo ba ne a bakin kogi da magudanan ruwan Jazira. A ɗaga gogen a rana a duba ko akwai wurin da wuƙa ta ci fatar lokacin fiɗa, a bi ƙusoshin gefe ɗaya bayan ɗaya, a duba bakin ramin da aka huda a fatar don sauti ya fita, domin daga nan yagewa take farawa. Jaki, wato ɗan itacen da tsirkiya ke hawa, ya zauna daram ba tare da ya nutse ba.

Tsirkiya da izga duka gashin wutsiyar doki ne, kuma an fi son na ingarma, saboda fitsarin goɗiya yana raunana nata. Masu haɗa bakan kamanja a Turai ma haka suke zaɓa. Gashin ba ya kama sai an shafa masa ƙaro, a nan kuwa Sudan tana da tarko. Ƙasar ƙaron hashab ce, wanda muke kira dakwara, ga shi a kowace kasuwa, sai dai yana narkewa a ruwa, gumi da raɓa suna mayar da shi danƙo. Ƙaron da ya dace shi ne irin na ararrabi, ɗan'uwan lubban ɗin da ake tatsa a duwatsun kudancin Shuɗin Nilu.

Riƙo ya fi zaɓe wuya, saboda shekarar wannan yanki kashi biyu ce masu gaba da juna. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, iska ta bushe, fata ta ɗaure har ta nemi tsage ƙwarya, ga guguwar habub tana cusa ƙura cikin gashi. Daga Yuli zuwa Satumba kuma damina ta sauka, musamman wajen Damazin da Rusairis inda ruwa ya fi na Wad Madani yawa, fata ta saki, murya ta dushe. Maganin damina shi ne a ɗan gasa fatar nesa da garwashi, ana shafawa da tafin hannu ana saurare. Gaggawa a nan ita ke ƙone goge. Da bazara kuwa a sassauta tsirkiya bayan wasa, a kwantar da jaki, a sa gogen a jakar ƙyalle a rataye a inuwa, nesa da rufin kwano, nesa da ƙasa inda gara take. Hannu mai maiƙo kada ya taɓa izga.

Mai kaɗa celo, babbar kamanjar nan ta Turawa da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, ya san irin wannan fargaba. Katakonsa ma yana tsagewa idan iska ta bushe. Bambancin shi ne yana da maƙerin da zai kai wa, sana'ar da garin Kiremona na Italiya ya shahara da ita tun ƙarni na 16. Mai goge a ƙauyen Jazira shi ne makaɗi, shi ne mai gyara. Wanda bai iya ɗaure sabuwar tsirkiya da hannunsa ba, ranar da ta tsinke a tsakiyar biki wasansa ya ƙare.

Akwai masu sa fatar akuya da zaren nailan na kamun kifi idan guza da doki sun yi wuya. Ba na zarginsu, domin goge mai zaren roba ya fi gogen da babu. Sai dai tsirkiyar gashi tarin sili ce, kowane yana rawarsa, daga nan ne ɗan ƙaiƙayin nan mai kama da shaƙewar muryar mutum yake fitowa. Nailan sumul yake fita, kuma yaron da ya tashi da shi kunnensa ba zai nemi waccan muryar ba.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne kunnen Sudan bai taɓa ƙin irin wannan sauti ba. Kiɗan ƙasar kan muryoyi biyar yake tafiya kamar namu, Baggara na Kurdufan da Darfur suna da um kiki mai tsirkiya ɗaya, A'isha Falatiya kuma, wadda asalin iyayenta ƙasar Hausa ne, ta cika gidan rediyon Umdurman da muryarta a shekarun 1940. Abin da ke ba ni tsoro shi ne watsewar mutane. Rikicin Shuɗin Nilu na 2022 ya tashi Hausawa da yawa daga gidajensu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya ci Wad Madani da Sinja. Mai gudun rai ba ya ɗaukar ƙwarya. Idan an koma gida, ƙwarya za ta sake nuna a gona, guza yana nan a bakin ruwa, amma dattijon da ya san yadda ake jan fata a kan ƙwarya ba lalle ya dawo ƙauyen da ya bari ba. Matashin da ya iya kiɗa rabi da rabi ya neme shi tun yanzu, ya zauna gabansa ya haɗa goge ɗaya daga farko har ƙarshe.