A rubuta wa agogo lokacin tsayawa tun ranar kunna shi

Masu rubuta manhaja da RxJS sun fara barin al'adar kunna agogo yau a dawo a kashe shi gobe, kuma a ganina sun kyauta. Umarnin interval(1000) yana fitar da lamba kowace daƙiƙa, daga sifili zuwa sama, ba ya ƙarewa da kansa. In mai amfani ya bar shafin da ya kunna shi, agogon na nan yana bugawa, yana riƙe da ƙwaƙwalwar na'ura. In kuwa kowane bugu yana aika tambaya ta intanet, to data da batirin wayar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ne ke ƙonewa. A da, mai rubutu yakan ajiye abin da subscribe ya dawo masa da shi, sai shafi ya zo rufewa ya kira unsubscribe a cikin ngOnDestroy na tsarin Angular. Hanyar tana aiki, amma ta jingina ne ga tunawar ɗan Adam, ga shi wurin kunnawa da wurin kashewa sun yi nisa da juna a fayil. Da takeUntil kuwa, sharaɗin tsayawa yana rubuce a jikin kwararar lambobin tun farko, duk wanda ya karanta ya san yaushe za ta mutu. Angular 16, da ya fito a 2023, ya kawo takeUntilDestroyed, wanda ya ɗaure rayuwar agogon da ta shafin kai tsaye.

Masu adawa suna cewa takeUntil ma yana da tarko, kuma gaskiyarsu. In aka sa shi kafin switchMap, mai buɗe wata kwarara a ciki, agogon waje zai tsaya amma kwararar ciki ta ci gaba da aiki a ɓoye. Sai dai wannan kuskure ne da ake gani da ido a layi ɗaya, maganinsa a sa takeUntil a ƙarshen jeri. Mantuwar unsubscribe kuwa ba ta barin alama sai waya ta fara zafi. Wasu sun fi son takeWhile don sauƙinsa, amma shi ba ya duba sharaɗinsa sai sabuwar lamba ta fito, don haka agogo mai bugu sau ɗaya a awa zai iya rayuwa kusan awa guda bayan shafinsa ya rufe.