Ka samu tuta, to me lambar ta ce?

Wai ni kam, 'yan uwa masu koyon tsaron intanet, yaushe kwafe amsa ya zama gwaninta? Kullum aka leƙa Facebook ko LinkedIn sai an ga hoton baƙin allo, a ƙasa an rubuta "Alhamdulillah, mun kammala ɗaki na farko a TryHackMe." Madalla, Allah ya ƙara basira. Amma ka ce wa mutum ya karanta maka layin da ya fito a allon nasa, sai ya hau sosa ƙeya.

Kun san tambayar da ake tarar sabon shiga da ita: shiga na'urar nan, ka gano sigar tsarin da take aiki da shi. Sai ɗan'uwa ya garzaya YouTube, ya ga an buga uname -r, shi ma ya buga, ya kwafi lambar, ya manna a akwatin amsa, allo ya yi kore. An samu tuta, an ɗauki hoto, an wuce. Ita lambar da aka shirya darasin dominta, ko kallo ba ta samu ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Umarnin uname -r lambar kanel yake ba ka, wato zuciyar Linux. Shi kuwa cat /etc/os-release sunan tsarin yake nunawa, Ubuntu ne ko Debian ko Kali. Abubuwa biyu ne daban. Idan cikin Docker aka jefa ka, uname zai kawo kanel ɗin uwar na'urar, shi kuma fayil ɗin ya faɗi abin da ke cikin akwatin. Kai mai koyo da Termux a waya, lambar da kake gani ta kanel ɗin Android ɗinka ce. Mutum nawa cikin masu hoton nan suka tsaya suka lura?

Kuma fa a kan lambar nan ake rayuwa a sana'ar. Ɓarakar Dirty COW da aka fallasa a 2016 tun 2007 take kwance a kanel, tana ba ƙaramin mai amfani damar zama root. Wanda ya ga tsohuwar lamba ya san inda zai fara dubawa. A 2011 an cusa ƙofar baya a vsftpd 2.3.4: ka rubuta suna mai ƙarewa da alamar murmushi, ƙofa ta 6200 ta buɗe maka. A Maris ɗin 2024, da Andres Freund ya bankaɗo ƙofar bayan da aka ɓoye a manhajar xz, tambaya ɗaya masu kula da sabobi suka yi ta yi: tawa 5.6.0 ce ko 5.6.1, ko kuwa na tsira? Tambayar ɗaki na farko ce sak, wadda kuke tsallakewa da gudu.

Har ila yau lambar kan yaudari mai gaggawa. Ubuntu da Red Hat sukan toshe ɓaraka a tsohuwar siga ba tare da sun sauya babbar lambar ba. Mai kwafe zai hango lamba ya yi shelar ya gano rami, alhali an cike shi tun bara. Wanda ya saba karanta layi har ƙarshe ne zai kula da ƙananan lambobin da ke wutsiya.

Na sani, data da tsada, wuta ba tabbas, kuma idan ka maƙale babu laifi ka leƙa bayanin wanda ya riga ka. Wannan na yarda. Amma leƙawa daban, kwashewa daban. Su kansu masu shirya wasan Bandit na OverTheWire roƙo suke kada a yaɗa kalmomin sirri da amsoshi, mu kuwa har rige-rigen turawa muke a guruf. Buga man uname ko ƙwandala ba ya ci daga datarka, minti biyu ka gama karantawa.

Ranar da aka ɗauke ka aiki, babu akwatin amsa, babu allon da zai yi kore. Oga zai nuna maka saba ya ce, "Wannan tana cikin haɗari ko a'a?" Kuma wallahi babu wanda ya ɗora bidiyon sabar ofishinku a YouTube.