Na kai Kawu kallon soware

Kamarad, bari in faɗi tun farko: waɗanda sunka shirya wasan kwaikwayon da zan yi magana a kai abokaina ne. Da biyu daga cikinsu muke shan shayi a buta ɗaya, ɗayan ma har yau yana bi na dala ɗari. Ba zan kama sunan kowa ba, ba zan kuma faɗi ƙungiyar ba. In sun karanta za su gane kansu, kuma sun san fadar da za su iske ni.

Duk wanda ya yi shekara guda a Tawa ya san daren ɗalibi ba shi da yawan zaɓi. In an fito amfi, an ci abin da anka samu a resto, sai fada: tabarma, gawayi, shayi na ɗaya har na uku, belot, da gardamar Barça da Real wadda ba ta taɓa ƙarewa ba. Ranar Lahadi akwai kasuwa, ga wanda bursi ba ta ƙare mai ba. Kokowa sai lokacinta, duk da nan Tawa ne anka fara gasar ƙasa a 1975. Ƴan mata kuwa ko fadar ba su da ita, sai hira a ɗaki da waya. Jami'ar kanta yarinya ce, a 2010 anka kafa ta tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, har yanzu ita da gari kallon juna suke yi daga nesa. Shi ya sa soware ba ƙaramin abu ba ce. Nan ne kawai ɗalibi da ɗaliba da mai kabu-kabu da yaran kartiye suke zama benci ɗaya suna kallon abu ɗaya.

Ranar Asabar ɗin nan Kawu ya zo daga Bazaga. Ya shigo mota tun daga Ƙonni, ta Tsarnawa da Badagishiri, da ƙullin kuka da gari da jika biyar da yayana ya aiko mini daga Abijan. Na ce bari in yi mai karamci, in nuna mai mu ma muna riƙe da al'ada. Na biya mana shiga.

Rawa ta yi kyau, ba ni da ta cewa. Sai wasan kwaikwayo. Kun san shi ko ba ku je ba, don kowace shekara shi ne, riga kawai yake sakewa. Baƙauye ya zo birni neman takardar haihuwar ɗansa. Takalmi ƙafa ɗaya, hula a karkace, baki cike da goro. Ya ga fanka ya kwanta ƙasa. Ya gaida mutumin da ke cikin tele. Ma'aikacin biro yana zuba mai faransanci, ɗansa ɗalibi yana jin kunya yana ba da haƙuri da Hausar fim ɗin Kano. Shi kaɗai baƙauyen anka ba Hausarmu: "awo", "yaz zaka", "mi kac ce". Na lura da abu guda. Mutane ba su jira ya gama magana kafin su fashe da dariya. Ba abin da ya faɗa ke ba su dariya ba, sautin bakinsa ne. Wannan sautin kuwa shi ne na uwata, kuma shi ne na uwar rabin waɗanda ke dariyar, har da wanda ya yi wasan, wanda na sha jin shi yana waya da gida bayan site.

Ni ma na yi dariya wajen fankar, kar in yi ƙarya. Sai na waiga. Kawu yana zaune, hannu bisa gwiwa, yana kallo kamar wanda ke sauraren shari'a. Da baƙauyen ya banka ƙofar biro ya faɗa ciki, Kawu ya matso ya ce mini a hankali: "Ɗana, wanga ba mutumin ƙauye ba ne. Garinmu ko mahaukaci na sallama."

Duk sharhin da zan yi bai wuce wannan ba. Matsalar wasan ba rashin tausayi kaɗai ba ce, rashin kallo ne. Mutumin Bazaga in ya je biro, gaisuwa ce ke yi mai yawa. Zai cire takalmi inda ba a ce ya cire ba, ya tambayi lafiyar iyalin wanda bai ko ɗaga kai ba, a ce mai ya dawo gobe ya yi godiya, alhali kuɗin motar goben babu su. Akwai dariya a nan, mai yawa ma, amma irin wadda ke ƙarewa a kan mai tebur. Abokaina ba daga ƙauye sunka ɗauko baƙauyensu ba, daga fina-finai sunka kwafo shi, ya iso mana a gajiye. Kuma wane mutumin Ƙonni ne bai san fanka ba, garin da ke bakin iyaka, inda kaya ke wucewa dare da rana tsakanin Sakkwato da Nijar? Da yawa cikin tsofaffinmu sun ga teku a Abijan ko Ikko tun ba a haife mu ba.

Na san amsar da za a ba ni, an ma riga an ba ni ita a fada: kai dai ba ka san wasa ba, mu ƙasar barkwanci ce, har UNESCO ta sa wasan dangi na Nijar cikin gadon duniya a 2014. To, amma wasan Bagobiri da Bazabarme, ko na Bafillace da Babarbare, ka'idarsa ɗaya: ka faɗa, a rama. A dandalinmu ba a taɓa ba baƙauye damar ramawa ba. Ku dubi wasan kara na Damagaram, inda samari ke kwaikwayon shugaban ƙasa da ministoci a gaban manya. Ku tambayi iyayenku abin da ya sa sunka so Yazi Dogo. Can dariya sama take hawa. Mu da ke tsayawa kowace 9 ga Fabrairu muna tuna ɗalibai ukun da anka kashe a gadar Kennedy a 1990, muna kiran kanmu muryar talaka, in dare ya yi sai mu ɗora talakan bisa dandali mu cire mai takalmi ɗaya. Jami'ar ma sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi, mutumin da ya rubuta tarihin Adar yana sauraren tsofaffi masu irin wannan bakin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wasan yana da minti biyar masu kyau ƙwarai, kuma sun yar da su. Akwai wata ɗaliba da ta fito a matar ƙanen baƙauyen, mijinta ya shekara huɗu ci-rani. Ta tsaya a layin karɓar saƙon kuɗi, goyo a baya, waya a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi dogon jawabi ba. Tana dai ba na bayanta wuri, ɗaya bayan ɗaya, tana cewa "wuce, nawa bai shigo ba tukuna", tana duba wayar, tana gyara goyo. Fili ya yi tsit. Yaran kartiye da ke ta ihu sunka yi shiru, don a Tawa babu gidan da bai san wannan layin ba. Wani mai kabu-kabu a gabana ya sunkuyar da kai. Shirun nan ne ya tsorata masu wasan, ina jin sun ɗauka mutane sun gaji. Sai ga baƙauyen ya faɗo da gudu, wai akuya ta biyo shi, anka koma dariya, ita kuma ta sulale bayan labule. Ba a sake ganin ta ba har anka tashi. Ko sunanta ba a kira ba lokacin gabatar da ƴan wasa, sai "da sauransu".

Kashegari Kawu ya ci kasuwa, ya sayi cuku zai kai gida. Da la'asar na raka shi tasha. Bai ƙara ta da maganar wasan ba, ni ma ban ta da ita ba. Sai da ya samu wuri, mota ta kusa cika, ya leƙo ta taga.

"Ɗana, ɗiyar nan ta jiya."

Na ce na'am, Kawu.

"Mijin nata ya aiko kuwa?"

Na ce mai ba su nuna ba. Ya gyaɗa kai, ya gyara ƙullin cukunsa bisa cinya, yaron mota ya rufe ƙofa.