3.2 Kayan Shiga a Wasan Tashe na Yasore

A wannan kaso za a yi nazarin kayan da yara ke haɗawa domin wasan tashe, wanda akan fara daga goma ga watan azumi, kamar yadda aka san shi a Yasore ta ƙasar Batsari.

A wasan Tsoho da Gemu, yaro kan liƙa auduga a haɓa, ya cusa tsumma a bayan riga ya zama ƙusumbi, ya dogara sanda. Shi kuwa Jatau Mai Magani, saiwoyi da sassaƙe da layun ƙarya yake ɗauka. Ba a sayen waɗannan kaya. A gona da juji da ɗakin uwa ake tsinto su.

Idan aka lura, kayan ba su ɓoye ɗan wasa. Matan gida na ganin gemun, suna kuma gane ɗan wane ne, to daga nan dariya ke fitowa. Wannan ya sha bamban da rigar Spider-Man, jarumin da aka ƙago a Amurka a 1962, wadda ke rufe fuska ruf, a ga jarumi a manta da mai rigar.

Ke nan darajar kayan tashe ba ta kyan ɗinki ba ce. Sai dai suna da rauni, domin gemun auduga kan saɓule da zarar gumi ya jiƙa shi. Duk da haka, in aka maye gurbinsu da na kanti, an raba yaro da rabin wasan, wato haɗa kayan da hannunsa.