Yadda Mutanen Dā Suka Zana Kansu a Duwatsun Abzin

Mutanen Arewa ba baƙi ba ne ga dutsen da ke ba da shaida. A ƙasar Dogondutsi kowa ya san labarin dutsen Tunguma na Lugu. To, can cikin duwatsun Abzin akwai wata shaidar, wato siffofin da mutanen dā suka sassaƙa na kansu. Wanda ya bi su daki-daki zai ga yadda ɗan Adam ya riƙa girma a idon kansa yayin da ƙasa ke bushewa.

A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya haura mita 5. Christian Dupuy ya sanar da duniyar ilimi labarinsu a 1987, masana kuma na ba su shekara 6,000 zuwa 8,000. A lokacin Sahara shar take, kwaruruka irin Dallol Mawri na ɗauke da ruwa. Mai sassaƙar ya fitar da kowane zane na fatar dabbar, amma daga bakin kowane raƙumi sai wani layi ya sauko zuwa wani ɗan mitsitsin mutum, ba ado, ba makami. Ko igiya ce layin ko alamar ibada, abu ɗaya a fili yake: dabba ce mai fili, mutum ɗan rakiya ne.

A Iwelen kuwa, inda Jean-Pierre Roset ya yi tono, lamarin ya juya. Mutum ya miƙe tsaye yana fuskantar mai kallo, kansa kamar buɗaɗɗen fure mai tsini uku, mashi mai faɗin baki a hannu, ga kekunan doki a kusa. Bakin mashin jan ƙarfe da aka tono a wurin ya yi daidai da na jikin dutse, wanda ya taimaka aka sa zanen cikin shekara 1,000 na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya mahayi ya bayyana da garkuwa zagayayya da gashin tsuntsu a ka, sau da yawa da rubutun Tifinag a gefe. A ganina, da ruwa ya ja baya, rijiya da makiyaya suka zama abin karewa, sai mai mashi ya karɓe fuskar dutse.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan gado ba. A Ostareliya, wani bincike na 2020 ya yi amfani da gidajen zanzaro wajen gano cewa siffofin Gwion Gwion da aka zana a duwatsun Kimberley sun kai kusan shekara 12,000, kuma ƴan asalin ƙasar na kula da su a matsayin gadon kakanni. Namu kuwa na fama da masu ɓantare dutse su sayar, da masu kankara sunayensu a kai. Ya kamata malaman tarihi, daga Dogondutsi har Tibiri, su kai hotunan Dabus da Iwelen cikin aji. Yaron da ya san darajarsu ba zai bari a lalata su ba.