Jinjina ga masu raya ƙananan motoci

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, ƙaramar mota ta yi farin jini a Kano. Wanda a da yake yi wa mai Starlet dariya, yanzu ya jingine jibgegiyar motarsa a gida, ƙura ta lulluɓe ta.

Amma ni ba motar zan yaba ba. Kamfanin Toyota ya daina ƙera tsohon samfurin Starlet tun 1999, yawancin Golf da Peugeot 206 da ke yawo kuwa 'yan Kwatano ne, sun sha duniya kafin su iso mu. Makanikan Sabon Gari da Fagge ne suka hana su mutuwa.

Ka tsaya ka ga oga ya buɗe bonet. Ba ya gaggawa. Sai ya kasa kunne, ya zaro fulogi, ya duba baƙin da ke bakinsa, ya ce: "Alhaji, ba inji ba ne, mai take sha fiye da ƙima." Yaronsa ya ruga shagon Ibo mai kayan gyara, in babu a nan ya hau Adaidaita Sahu zuwa Ƙofar Ruwa. Akwai 'yan a-ci-ba-daɗi a cikin makanikan, ban musa ba, ni ma an taɓa ɗaura min tsohon fulogi a kuɗin sabo.

Kafin La'asar dai motar ta tashi, tana kurɗawa cikin cunkoson France Road, inda babbar mota ke tsaye tana ƙona mai.